Sarki Joji na Shida: Mai Mulkin da Ciwon Ƙafa Ya Fara Yi wa Gargaɗi

Dattawan Jos sun san zamanin Sarkin Ingila Joji na Shida. A lokacinsa ne Japan ta mamaye Malaya a 1942, Turawa suka juyo kan kuzar tsaunin Filato, aka tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙa, abin da ake kira ɗiban gwamna. Sai dai kaɗan ne suka san cewa sarkin da aka yi wannan aiki da sunansa ya ƙare rayuwarsa yana fama da ƙafar da jini ya kasa isa gare ta.

An haife shi a Sandringham ranar 14 ga Disamba, 1895, aka raɗa masa suna Albert. Shi ne ɗa na biyu ga Sarki Joji na Biyar, mutum mai kunya da in'ina, wanda bai sa rai da gadon sarauta ba. Da yayansa Edward na Takwas ya yi murabus a Disambar 1936, sarauta ta faɗo kansa. A Yaƙin Duniya na Biyu bai gudu daga ƙasar ba, har bam ya faɗa fadarsa ta Buckingham a 1940.

Tun yana matashi ya kamu da shan taba sigari, kuma bai sassauta ba. A 1948 ƙafafunsa suka fara ciwo da sanƙarewa. Likitoci suka gano cewa magudanan jininsa sun yi tauri sun tsuke, jinin da ke sauka ƙafa ya ragu. Alamar wannan cuta ita ce ciwon sha-raɓa idan mutum yana tafiya, ya lafa idan ya tsaya. Idan ta tsananta, ƙafar kan yi sanyi, rauni ya ƙi warkewa, nama ya fara ruɓewa. Taba, ciwon suga da hawan jini su ne manyan masu jawo ta.

A Nuwambar shekarar aka ɗage ziyararsa zuwa Ostireliya da New Zealand, domin ana fargabar yanke ƙafarsa ta dama. Ranar 12 ga Maris, 1949, Farfesa James Learmonth ya yi masa tiyata a cikin fada, ya datse jijiyoyin ƙugu masu sa magudanan jini tsukewa. Ƙafar ta tsira.

Amma cutar ba a ƙafa kaɗai take zama ba, domin abin da ya toshe hanyar jini a can yana iya toshe ta zuciya. A Satumbar 1951 aka cire masa huhun hagu saboda ciwon daji. Ranar 31 ga Janairu, 1952, ya raka 'yarsa Elizabeth filin jirgin sama na Landan, za ta tafi Kenya. Ba su sake ganin juna ba. Ya rasu cikin barci a Sandringham ranar 6 ga Fabrairu, yana da shekara 56, bayan gudan jini ya toshe magudanar zuciyarsa.

Shekara huɗu bayan haka, a 1956, 'yar tasa ta zo Nijeriya a matsayin Sarauniya, ta kuma yada zango a Jos domin ta huta.