Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837): Magani, Ilimi da Amana

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1781. Ya tashi a Ɗegel, ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya kasance cikin manyan jagororin rundunar jihadi har aka ci Alkalawa a 1808. Shi ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya kuma rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, littafin da masana tarihi ke dogaro da shi har yau. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi masa mubaya'a, ya riƙe sarautar Musulmi shekara 20.

Mulkinsa bai samu sararin hutawa ba, domin tawaye ya taso a Kware da ƙasar Zamfara, ga kuma Gobirawa da Kabawa suna kawo hari. Dabarar da ya bi ita ce kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka da ake noma da karatu a cikinsu. Wurno na daga ciki, haka ma Bakura, wadda ke kwarin Gulbin Sakkwato tare da Talata Mafara da Maradun a jihar Zamfara ta yau.

Duk da ɗawainiyar yaƙi da shari'a, Bello ya ba ilimin magani kulawa ta musamman. Ya yi rubutu da Larabci a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko, ya kuma wallafa Al-Mawaridun Nabawiyya a kan mas'alolin magani. Yakan ɗebo daga hadisai da littattafan likitocin Musulmi na farko, ya ajiye abin da ya tattara a rubuce, yadda ɗalibi zai kwafa, malami ya duba, mai ja ya yi ja. Mazhabar Malikiyya da yake bi ta ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, ko ba da izininsa ko na waliyyinsa ba. Ashe ke nan sharaɗin neman yardar majiyyaci ya daɗe da zama a ƙasar nan kafin Turawa su rubuta ƙa'idojin Nuremberg a 1947 da na Helsinki a 1964.

A 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato. Bello ya karɓe shi da karamci, ya tattauna da shi a kan addini da taurari da labarin ƙasashe, sannan ya nemi Sarkin Ingila ya aiko da wakili da kuma likita su zauna a ƙasarsa. Da Clapperton ya komo a 1826, likitocin da suka taso tare da shi ba su iso ba, kuma al'amura sun sauya. Sakkwato na cikin yaƙi da Borno, baƙon kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu al-Kanemi, ga kuma labarin yadda Ingilishi suka mamaye Indiya yana yawo a fada. Bello ya hana shi wucewa, ya riƙe kayan. Clapperton ya rasu a kusa da Sakkwato a Afrilun 1827. Sarkin da ya miƙa hannu yana neman likita shi ne ya janye shi da ya daina gane manufar baƙonsa.

Wannan sashe na rayuwar Bello yana haska abin da ya faru bayan shekara 170. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, saura aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma kafin nan tabon ya riga ya zauna: a 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, yara da dama suka nakasa. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka, bayan an sa sarakuna da malamai cikin aikin.

Sau da yawa akan danganta ƙin rigakafi a Arewa ga jahilci ko ƙyamar baƙon abu. Tarihin Bello bai goyi bayan wannan fassara ba. Al'ummar da shugabanta ya nemi likita daga Turai tun 1824 ba ta ƙi ilimin waje ba. Abin da take buƙata shi ne ta san wane ne ke ba da magani, da wace manufa, da kuma wanda zai ɗauki lamuni idan an samu ɓarna. Hukumar lafiya da ta amsa waɗannan tambayoyi uku a fili, cikin harshen da uwa a Bakura ko Maradun za ta fahimta, ta fi kusa da samun a buɗe mata ƙofar gida.

Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, can aka binne shi. Ƙaninsa Abubakar Atiku ne ya gaje shi.