Tarihin August Bier, likitan da ya fara allurar baya

An haifi August Bier ne a ranar 24 ga watan Nuwamban 1861, a garin Helsen na ƙasar Jamus.

Bayan ya kammala karatun likita, ya kama aiki a asibitin jami'ar Kiel, a ƙarƙashin shahararren likitan tiyata Friedrich von Esmarch.

A wancan zamani, akan shaƙa wa majinyaci ita ko kulorofom ne domin ya yi barci kafin a yi masa aiki. Da dama sukan farfaɗo cikin amai da raɗaɗi mai tsanani, wasu kuma ba sa farfaɗowa.

A ranar 16 ga watan Agustan 1898, Dr Bier ya shirya yi wa wani lebura mai shekaru 34 tiyata a idon sawu. Mutumin ya sha wuya a baya da maganin sa barci, don haka yana tsoronsa.

Sai Dr Bier ya soka masa allura a gadon baya, ya zuba ɗan koken a cikin ruwan da ke kewaye da laka. Ƙafafunsa suka mutu, aka yi aikin idonsa biyu ba tare da ya ji zafi ba.

Gwaji a jikinsa

Majinyata shida ya yi wa haka, kuma wasunsu sun yi fama da ciwon kai da amai daga baya. Domin gano dalili, shi da mataimakinsa August Hildebrandt suka gwada allurar a kan junansu.

Ta Dr Bier ba ta yi ba, saboda sirinjin bai dace da allurar ba, kuma ruwan lakarsa ya zuba da yawa. Ta Hildebrandt ta kama, har aka ƙona shi da sigari, aka buga masa guduma a ƙwauri, bai ji komai ba.

Washegari dukkansu suka tashi da matsanancin ciwon kai, Dr Bier ya shafe kwana tara a kwance. Ya danganta ciwon da zubar ruwan laka, bayanin da likitoci suka amince da shi har yau. Ya wallafa sakamakon a 1899.

A 1907 ya zama farfesan tiyata a Berlin, kuma a 1908 ya fito da hanyar kashe hannu ko ƙafa kaɗai, ta hanyar ɗaure gaɓar a zuba magani a jijiya.

Sai dai a 1937 ya karɓi lambar yabon da Hitler ya ƙirƙiro domin ta maye gurbin ta Nobel, abin da ya bar tabo a tarihinsa. Ya rasu a Sauen ranar 12 ga watan Maris na 1949.

Abin da ya bari

A yau an daina amfani da koken, an koma ga magunguna irin su bupivacaine, da siraran allurai da suka rage ciwon kan ƙwarai.

Da yake maganin kan ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan an gama tiyata, raɗaɗi ba ya taso wa majinyaci nan take. Idan aka haɗa da ɗan mofin, sauƙin kan kai kusan kwana guda.

Allurar ba ta da tsada, ba ta kuma buƙatar manyan na'urori, ko da yake tana iya saukar da bugun jini, don haka sai an sa ido a kan majinyaci. Ita ce aka fi amfani da ita a tiyatar haihuwa, da kuma aikin yoyon fitsari irin wanda ake yi a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi.

Matar da aka ɗauko daga Argungu cikin doguwar naƙuda, ta dalilin wannan allura takan ji kukan jaririnta na farko, ta kuma shayar da shi da wuri.