Alber Kalmet, Likitan Da Ya Shekara 13 Yana Horar Da Ƙwayar Tarin Fuka

Duk uwar da ta taɓa kai jaririnta awo a Damagaram ta san allurar nan ta farko da ake yi wa yaro a hannu, wadda kan yi ɗan ƙurji, daga baya ta bar tabo har tsufa. A katin rigakafi haruffa uku ake rubuta mata, wato BCG. Harafin farko yana nufin ƙwayar cuta, sauran biyun kuwa farkon sunayen mutum biyu ne da suka samo ta. A filinmu na yau za mu kawo muku tarihin ɗaya daga cikinsu, Alber Kalmet, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Albert Calmette.

An haifi Kalmet a garin Nis na ƙasar Faransa ranar 12 ga Yuli 1863, zamanin da Sarki Tanimun ke kan gadon sarautar Damagaram. Ya fara aiki ne a matsayin likitan sojan ruwa, aikin da ya kai shi gabashin Asiya, sannan Gabon, inda ya ga yadda zazzaɓin cizon sauro da ciwon barci ke kashe mutane. A 1890 ya haɗu da mashahurin masanin nan Louis Pasteur, wanda ya tura shi Saigon, a ƙasar Biyetnam ta yau, ya buɗe cibiyar bincike a 1891. A can ya fara nazarin dafin maciji, har ya kai ga haɗa allurar karya dafi, wadda ita ce kakar irin waɗanda ake yi wa manomi idan kububuwa ta sare shi.

A 1895 aka ba shi shugabancin cibiyar Pasteur ta garin Lil, garin masaƙu, inda leburori ke kwana a cunkushe cikin ƙananan ɗakunan da ba iska ba rana. Tarin fuka, wanda wasu ke ce wa tibi, yana ta ɗibarsu. Tun ranar 24 ga Maris 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya bayyana wa duniya ƙwayar da ke haddasa cutar, abin da ya tabbatar cewa ba gado ba ce, ba kuma sammu ba. Amma magani babu. Don haka a 1901 Kalmet ya buɗe gidan duba masu tari, inda ake auna majinar ƙirji, a bi maras lafiya har gida a koya wa iyalinsa yadda za su kare kansu, a kuma taimaka wa talaka da abinci.

Babban aikin ya soma a 1908, tare da abokin aikinsa Kamil Geran, likitan dabbobi. Sun ɗauki ƙwayar tarin fuka ta shanu, wadda aka samo daga wata saniya mai ciwon hantsa, suka riƙa renonta a kan yankakken dankalin turawa da aka jiƙa da ruwan matsarmamar sa. Duk mako uku sai su ɗebe ta su mayar kan sabon dankali. A hankali ƙwayar ta riƙa yin laushi. Abin da suke nema shi ne ta rasa ƙarfin sa cuta, amma ta iya koya wa jiki yadda zai gane ta gaske ya yaƙe ta.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojojin Jamus suka mamaye Lil. Dankali ya yi tsada, matsarmama ta yi wuyar samu, a 1918 kuma aka kama matar Kalmet aka tafi da ita Jamus a matsayin garkuwa. Duk da haka ba su bar ƙwayar ta mutu ba. Sau 230 suka sauya mata mazauni cikin shekara 13.

A watan Yuli 1921, lokacin da Zinder ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, aka fara ba ɗan Adam wannan rigakafi a wani asibiti na birnin Paris. Jariri ne da tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa jim kaɗan bayan haihuwa, kakar da za ta riƙe shi ita ma tana da cutar. Ta baki aka ɗiga masa, yaron kuma ya tashi lafiya.

Sai dai a 1930 wani mummunan abu ya faru a garin Lubek na Jamus. An ba jarirai 251 rigakafin, fiye da 70 suka rasu. Zargi ya yi ta sauka a kan Kalmet. Bincike ya nuna cewa a ɗakin gwajin asibitin Lubek ne aka gurɓata rigakafin da ƙwaya mai kisa, kotu kuma ta hukunta likitoci biyu na garin a 1932. An wanke shi, amma baƙin cikin bai sake shi ba. Ya rasu a Paris ranar 29 ga Oktoba 1933, yana da shekara 70, bai ga maganin farko na warkar da cutar ba, wanda sai a shekarun 1940 aka samu.

To, ƴan kasuwa maza da mata, ina rabonmu a wannan tarihi? Allurar BCG tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, musamman wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake son a yi ta da zarar an haihu. Amma tabon da ke hannun babba ba ya hana shi kamuwa da tarin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum kusan miliyan 10.8 suka kamu, kimanin miliyan 1.25 suka rasu.

Cutar ta iska take bi, idan mai ita ya yi tari ko atishawa, musamman a rufaffen shago, ko ɗakin da aka toshe saboda sanyin hunturu, ko motar da ta cika maƙil aka ɗage gilasai. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu, ko yana zufa da dare, yana ramewa, zazzaɓi na dawo masa da yamma, ko ya ga jini a majina, kada ya tsaya ga ƙwayoyin ƴan tebur na Kasuwar Dole. Ya je likita mafi kusa ko babban asibitin Zinder a auna majinarsa, a kuma duba mutanen gidansa, tun ba yara ba. Masu sayar da fura da nono su ma su tuna cewa ƙwayar shanu na iya bin madara, a tafasa ta kafin a kafa nono.

Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wata shida ake yi ana sha kullum. Bayan ƴan makonni tari kan lafa, jiki ya yi ƙarfi, a nan ne da yawa kan ajiye magani su koma fatauci. Wanda ya yi haka, cutar na iya dawo masa da ƙwayar da ba ta jin maganin farko, jinya ta ƙara tsawo, jari ya karye, iyali su shiga haɗari. Kalmet da Geran sun jure shekara 13 har da yaƙi a tsakani. Abin da ake nema wurin mai jinya wata shida ne, ba fashi ko na kwana ɗaya. Allah ya ƙara mana lafiya.