Dorugu, Yaron da Ya Ratsa Zamfara Ya Kai Ingila

An haifi Dorugu a ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa. A Kukawa wani Bajamushe, Overweg, ya 'yanta shi.

A 1852, lokacin yana sa'anmu, ya bi Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Daga Katsina suka yi zagaye saboda yaƙin Gobirawa, suka biyo ta Zurmi a nan Zamfara, suka ratsa dajin Gundumi dare da rana. Sun isa Timbuktu a 1853. Bayan sun dawo, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855.

A can ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, ya fito cikin littafin Magana Hausa. Daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912.

Da bai ba da labarinsa ba, da ba mu san shi ba. Mu ma a Tungar Daji akwai tsofaffin matafiya. Mu tambaye su, mu rubuta tun suna raye.