Sardauna Ahmadu Bello da wasan motsa jiki

An fi sanin marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a fagen siyasa da addini, amma kuma yana cikin shugabannin da suka ɗauki motsa jiki da muhimmanci.

An haife shi a garin Rabah a shekarar 1910, kuma shi jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne.

Bayan karatun allo da na makarantar lardi a Sakkwato, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya kammala a 1931.

A can ne ya ƙware a wasan Fives, wanda malamai Turawa suka kawo daga makarantar Eton ta Ingila.

Mutum huɗu ne ke buga wasan, biyu-biyu, a wani fili mai bango uku, suna dukan ƙwallo da hannu tana bugun bango tana dawowa.

Wasa ne mai bukatar zafin nama da juriya da amfani da hannu biyu, ga shi ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A arewacin Najeriya ma da ƙwallon tanis ake buga shi.

Mulki bai hana ba

Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934, sannan aka naɗa shi Sardauna a 1938.

A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa, mai hedkwata a Kaduna.

Duk da nauyin mulki da yawan tafiye-tafiye, da kuma kasancewarsa dogo mai jiki, bai yar da wasan ba. Yakan cire babbar riga ya shiga fili tare da ministoci da ma'aikatan gwamnati.

Wannan ya ƙara wa wasan martaba a idon sarakuna da 'yan boko, ya kuma samu gindin zama a garuruwa irin su Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da Kaduna.

A zamanin gwamnatinsa ne aka buɗe babban filin wasa na Kaduna a 1964, wanda ke ɗauke da sunansa.

Sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu sun kashe shi a gidansa da ke Kaduna ranar 15 ga watan Janairun 1966, tare da uwargidansa Hafsatu.

Bayan rasuwarsa an ci gaba da gasar Fives ta cin Kofin Sardauna.

Sai dai a yau, yayin da likitoci ke danganta yawaitar hawan jini da ciwon suga da yawan zama, manya da dama na ganin wasa aikin yara ne, ra'ayin da rayuwar Sardauna ta saɓa masa.