Rudolf Virchow, likitan da ya nemi tushen cuta a cikin talauci

An haifi Rudolf Virchow a shekara ta 1821 a wani ƙaramin gari na Furusiya, ƙasar da daga baya ta zama ginshiƙin Jamus. Iyayensa ba masu hali ba ne, saboda haka ya shiga makarantar likitocin soja ta birnin Barlin, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibai. Ya kammala a 1843.

A farkon 1848 annobar zazzaɓin tifus ta addabi yankin Silesiya ta Sama. Gwamnati ta tura Virchow ya bincika, yana da shekara 26. Makonni kaɗan ya yi a can, amma ya buɗe ido sosai. Ya tarar da manoma masu magana da harshen Polan a cikin yunwa, bayan amfanin gona ya lalace shekaru a jere. Iyali na cunkushe a ɗaki guda, wani lokaci har da dabbobi. Gonaki mafi yawa suna hannun manyan masu ƙasa, kuma akasarin talakawa ba su iya karatu ba. A lokacin ba a san cewa ƙwarƙwata ce ke yaɗa wannan ciwo ba, sai a 1909 aka gano. Duk da haka Virchow ya lura cewa cutar ta fi kama mai yunwa da mai kwana cikin cunkoso.

Hukuma ta zaci zai rubuto sunayen magunguna. Shi kuwa ya nemi a ba mutanen ilimi kyauta, maza da mata, kuma a cikin harshensu. Wannan batu ba baƙo ba ne ga mai zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ya nemi a gyara hanyoyi, a inganta noma, a kafa ƙungiyoyin haɗin kai, a sauke wa talaka nauyin haraji, a bar jama'a su tafiyar da al'amuransu. A ganinsa, idan likita ya warkar da mutum ya mayar da shi cikin yunwar da ta kwantar da shi, aikin bai kammala ba. Rahoton bai yi wa masu mulki daɗi ba. Ya kuma shiga boren neman sauyi na wannan shekara, aka dakatar da shi daga aiki a 1849, ya koma koyarwa a Wurzburg.

Ya dawo Barlin a 1856. Littafinsa na 1858 ya nuna cewa cuta tana farawa daga ƙananan ƙwayoyin halittar jiki. Daga 1859 ya zauna a majalisar birnin, ya dage har aka fara gina manyan magudanun ƙazanta a 1873, aka kuma tsananta duba nama kafin sayarwa. Sai dai ya daɗe yana shakkar cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa annoba, kuma a nan Pasteur da Koch sun fi shi gaskiya.

Masu zurfafa karatun kiwon lafiyar jama'a bayan digirin farko sukan gamu da rahoton Silesiya idan sun zo darasin yadda abinci, muhalli, aiki da ilimi ke shafar lafiya. Kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2005 ya fitar da rahoto kan wannan batu a 2008.

A Janairun 1902 Virchow ya faɗi wajen sauka daga jirgin cikin gari, ya karye a cinya. Bai murmure ba, ya rasu ranar 5 ga Satumba, yana da shekara 80.