Tarihin Nana Asma'u, wadda ta kafa 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma mahaifinsu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bai raɗa mata Husaina ba kamar yadda aka saba, sai ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka cikin yaƙi da yunwa ta yi ƙuruciyarta. Duk da haka karatunta bai tsaya ba, har ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci.

A gidan da ta tashi, karatun 'ya mace hukunci ne na shari'a. A littafinsa Nurul Albab, Shehu ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, alhali suna karantar da almajirai safe da yamma don neman suna.

Yaƙin Gobir ne ya ba ta damar aiki da wannan hukunci. Alƙalawa, wadda kufanta ke kusa da Sabon Birni na yanzu, ta faɗi a 1808. A 1836 kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da abokan ƙawancensu a Gawakuke. Mata da yara masu yawa suka zo hannu, aka zaunar da su a ƙauyukan daular, da yawansu ba su san komai ba sai bori.

A Gobir, shugabar mata da 'yan bori ita ce Inna, 'yar gidan sarauta, kuma malfa na cikin alamun girmanta. Asma'u ba ta yaƙi malfar ba. Ɗaukarta ta yi, ta ɗora wa jajis ɗinta, wato dattawan matan da ta naɗa su jagoranci ɗalibai, ta haɗa musu da jan rawani. Matar ƙauye ta san malfa tun tana goye, saboda haka ba ta buƙatar a gaya mata cewa mai sanye da ita abar saurare ce.

Waɗannan ɗalibai su ne 'Yan Taru. Da yake matan aure ba sa samun damar doguwar tafiya, jaji kan taho ne da tsofaffi da 'yan matan da ba su kai aure ba, a ƙasa, daga ƙauyuka zuwa gidan Asma'u. Sukan haddace waƙoƙinta kan tauhidi da salla da tarihin Annabi, su koma su koya wa iyayensu mata. Ke nan ƙananan yara ne suka zama masu kai ilimi cikin gidaje. Gaskiya ne yawancin karatun na baki ne, kuma ya taimaka wajen kafa ikon sabuwar daular, amma ya isa inda makarantar zaure ba ta isa ba.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta kuma bar rubuce-rubuce fiye da 60. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru.

Nijeriya ta kafa dokar kare haƙƙin yara a 2003, jihar Sakkwato kuma ta amince da tata a 2021, a daidai lokacin da hare-haren 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa suka raba yara da dama da makarantunsu, wasu iyalai suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi.